Yayana ya dage a sayar da gidan Baba saboda sabuwar allurar ciwon mantuwa

"Mahaifina yana da shekara 69, malamin lissafi ne da ya yi ritaya. Kusan shekara ɗaya da rabi ke nan yana maimaita tambaya. Zai ce, 'Yaushe za ki koma aiki?' in ba shi amsa, bayan minti goma ya sake yi kamar bai taɓa tambaya ba. Watan jiya ya fita da mota ya kasa gane hanyar gida, sai wani bawan Allah ne ya rako shi. Likitan da muka gani ya yi masa 'yan tambayoyi, ya ce da alama cutar Alzheimer ce, ya rubuta masa donepezil. Ba a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa ba. Yana da hawan jini, kuma yana shan warfarin saboda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Yayana, wanda ke zaune nesa da mu, ya karanta cewa an samo allurar da ke wanke ƙwaƙwalwa, ya dage a sayar da gidan Baba a kai shi inda ake yin ta. Da na ce a dakata, sai ya ce gado nake hange. Mama kuma ta ce kada wanda ya kuskura ya gaya wa Baba sunan ciwon. Ni ce nake kwana nake tashi da shi. Da gaske an samu magani? In na hana, ban cuce shi ba?"

Wata 'ya mai damuwa

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Allah ya ba Baba sauƙi, ya saka miki da alheri. Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukar ki: ba ki cuce shi ba. Cewar da kika yi a dakata daidai ne, kuma akwai kalma ɗaya a wasiƙarki da kika ambata a wuce, alhali ita ta fi komai nauyi a wannan magana, wato warfarin, maganin tsinka jini. Zan zo kanta. Amma da farko, yayanki yana da haƙƙin a faɗa cewa abin da ya karanta ba ƙarya ba ne.

A 1906 wani likita ɗan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana abubuwa biyu da ya gani a ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa bayan rasuwarta. Daga baya aka gano ko mene ne su. Ɗaya sinadari ne da ake kira amiloyid, wanda ke daskarewa a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Ɗayan kuma tawu ne, wanda ke cukurkuɗewa a cikin ƙwayar kanta har ya kashe ta. Amiloyid yakan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alamar farko, kuma ɓarnar takan fara daga sashen da ke ajiye sabon abu. Shi ya sa Baba zai iya kawo miki darasin da ya koyar shekara talatin da suka wuce tiryan-tiryan, amma amsar da kika ba shi ɗazu ta ɓace. Ba ta shiga ma'ajiya ba tun farko.

Allurar da yayanki ke nufi ɗaya ce cikin biyu. Akwai lecanemab, mai sunan kasuwa Leqembi, ta kamfanonin Eisai da Biogen, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita gaba ɗaya a watan Yuli 2023. Akwai donanemab, wato Kisunla, ta kamfanin Eli Lilly, wadda ta samu amincewa a Yuli 2024. Dukkansu sojojin garkuwar jiki ne da aka haɗa a ɗakin gwaji, suna manne wa amiloyid har jiki ya share shi. Kuma suna sharewa ɗin, ana ganin haka a hoto. Wannan ci gaba ne na gaske, bayan shekaru da dama ana gwadawa ana faɗuwa.

Abin da kanun labarai ba su cika faɗa ba shi ne girman amfanin. An gwada lecanemab a kan mutum 1,795 na tsawon wata 18, rabi suna samun maganin, rabi suna samun ruwan da babu magani a ciki. An auna su da ma'auni mai maki 18, wanda ke duba tunawa, sanin lokaci da wuri, warware matsala, harkokin gida da na waje, da kula da kai. Waɗanda ba su samu maganin ba sun ja baya da maki 1.66, waɗanda suka samu sun ja baya da 1.21. Dubi lambobin da kyau: kowane rukuni ya ja baya. Bambancin bai kai rabin maki ba, kuma shi ne ake cewa an rage saurin cutar da kashi 27 cikin 100. In an mayar da shi lokaci, kamar wata biyar ne aka samu a cikin shekara ɗaya da rabi. Donanemab ta nuna ragin kashi 22 zuwa 35 cikin 100, gwargwadon rukunin da aka duba. Wata biyar da mutum yake gane jikokinsa ba abin rainawa ba ne, ni ma ban raina ba. Sai dai abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, kuma cutar ba ta tsayawa. A Ingila an ba lecanemab lasisi a Agusta 2024, amma hukumar NICE, mai auna amfanin magani da tsadarsa, ta ce amfanin bai kai a riƙa bayar da ita a asibitocin gwamnati ba.

Kuma ba allura ɗaya ba ce a yi a dawo gida. Lecanemab ƙarin ruwa ce ta jijiya, kusan awa ɗaya, duk bayan mako biyu. A wata 18 wajen zuwa 39 ke nan. Donanemab duk bayan mako huɗu ake yi. Kafin a fara dole a tabbatar akwai amiloyid ɗin, ko ta hoton PET, wanda ke nuna amiloyid a ƙwaƙwalwa, ko ta ɗibar ruwan laka daga gadon baya, a yi hoton MRI mai nuna cikin ƙwaƙwalwa dalla-dalla, a kuma gwada wata ƙwayar gado da ake kira APOE4. Bayan an fara, ana maimaita MRI sau da dama a watannin farko. Ma'ana, Baba zai koma zama kusa da wannan asibiti, da wani mai kula da shi, sama da shekara.

Dalilin yawan hoton shi ne illar da ake kira ARIA: kumburin ƙwaƙwalwa ko ƙananan zubar jini a cikinta. Amiloyid ba tsakanin ƙwayoyi kaɗai yake zama ba, yana kwanciya a bangon ƙananan jijiyoyin jini. In magani ya ɓamɓare shi, bangon na iya yin yoyo. A gwajin lecanemab kusan mutum 13 cikin 100 sun samu kumburi, kusan 17 cikin 100 sun samu zubar jini. A donanemab kumburin ya kai kusan 24 cikin 100, kuma an rasa mutum uku ta wannan hanya a gwajin. Yawancin masu ARIA ba sa jin komai, yana kuma bajewa da kansa, amma wasu kan samu ciwon kai, ruɗewa, jiri ko farfaɗiya. Mai ɗauke da APOE4 daga uwa da uba duka, kusan ɗaya cikin uku ne ya samu kumburin a gwajin lecanemab.

Yanzu ga warfarin. Aikinsa hana jini daskarewa. Ki haɗa jijiya mai yoyo da jinin da ba ya saurin tsayawa, sai ɗigon da zai tsaya da kansa ya zama babbar zubar jini. Saboda haka a Birtaniya da Tarayyar Turai ƙa'ida ta hana a fara lecanemab ga mai shan maganin tsinka jini, kuma ƙwararrun Amurka da suka rubuta jagorar amfani da ita sun ba da shawara iri ɗaya. Ina roƙon ki da babbar murya, kada wani ya ce a dakatar da warfarin don Baba ya cancanci allurar. Irin wannan rikicewar bugun zuciya tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, kuma warfarin ne ke tare wannan ƙofa. Shanyewar jiki guda ɗaya tana iya ƙwace masa a dare ɗaya fiye da abin da allurar za ta adana a shekara biyu. Ki ga ke nan, mai yiwuwa ne ƙwarai a sayar da gida, a yi doguwar tafiya, asibitin kirki ya duba takardunsa ya ce ba zai yi ba. Wanda kuwa ya ce zai yi ba tare da ya tambayi magungunansa ba, shi ne abin gudu. Haka ma masu tallar dashen ƙwayoyin halitta na sitem sel don ciwon mantuwa: babu wata babbar hukumar magani da ta amince da hakan.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki wani ne daban. Ana ta gardama a kan maganin cutar da ba a riga an tabbatar ba. 'Yan tambayoyi a ɗakin likita mafari ne kawai. Alzheimer ce ke kawo kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na ciwon mantuwa, saura kuma wasu abubuwa ne, kuma Baba yana da dalilai na musamman da suka sa dole a leƙa cikin kansa. Dattijo mai shan warfarin zai iya buga kai da ƙofar mota, ya manta ma ya buge, jini ya riƙa taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai na makonni, ya danne ƙwaƙwalwa. Alamarsa mantuwa da ruɗewa, kuma tiyata na iya gyara shi. Mai hawan jini da rikicewar bugun zuciya zai iya samun ƙananan toshewar jijiyoyi da ba a lura da su ba, irin mantuwar da ke sauka mataki-mataki maimakon a hankali. Akwai kuma taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, wadda ake gane ta da abu uku: tafiya kamar ƙafa ta manne da ƙasa, kasa riƙe fitsari, da mantuwa. Duk waɗannan hoto ne ke nuna su. MRI ya fi, amma in bai samu ba, wani nau'in hoton da ake kira CT ma yana aiki.

Don haka ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ko likitan tsofaffi, ki roƙi a yi hoton tare da gwajin jini: yawan jini, bitamin B12, aikin tayirod, wato halittar nan ta wuya da in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, suga, ƙoda, hanta, gishirin jiki, da INR da ke nuna ko warfarin ya yi yawa. Ƙarancin B12 da raunin tayirod suna kwaikwayon mantuwa, kuma suna jin magani. A tambaye shi game da damuwa, domin wanda ya bar aji bayan shekaru yana koyarwa yakan shiga ƙunci ba tare da ya furta ba. Ki tambayi Mama ko yana minshari yana ɗauke numfashi, ko yana ganin mutane ko dabbobin da ba sa nan. In yana gani, ki faɗa wa likita kafin komai, domin akwai nau'in mantuwa mai suna Lewy wanda maganin taɓin hankali irin haloperidol ke yi wa mummunar illa. Sannan ki zuba duk abin da yake sha a jaka ɗaya ki tafi da shi, har wanda aka saya ba da takardar likita ba. Amitriptyline, diazepam, oxybutynin da maganin mura mai sa barci irin chlorpheniramine duk suna dusashe tunanin dattijo.

Za a yi masa gwaji mai maki 30, irin MoCA. A ciki za a ce ya zana agogo, ya jera lambobi, ya sa hannayen a ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Ki zauna shiru, kada ki taya shi, ko da zuciyarki na karyewa in kika ga malamin lissafi ya cusa lambobin duka a gefe guda. Ki kuma gaya wa likita sana'arsa, domin mai ilimi yakan ci maki masu kyau alhali ya yi nisa da inda yake a da.

Donepezil ɗin da aka ba shi ba banza ba ne. Yana ƙara wani sinadarin isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma wasu kan ɗan farfaɗo ko su tsaya wuri ɗaya na watanni. Ana farawa da miligiram 5 a rana, bayan mako huɗu zuwa shida a kai 10. Yana iya kawo tashin zuciya, gudawa da munanan mafarkai. In mafarkin ya dame shi, a tambayi likita a mayar da shi safe. Amma yana rage saurin bugun zuciya, kuma wannan ya shafi Baba kai tsaye, musamman in yana shan magungunan zuciya irin atenolol, bisoprolol ko digoxin. Ki koyi ƙirga bugun a wuyan hannunsa na minti ɗaya cif. In ya sauka ƙasa da 50, ko ya ji jiri, ko ya suma, a koma asibiti a ranar. In cutar ta yi nisa, akwai memantine da ake ƙarawa.

Sauran aikin a gida yake, kuma ya fi yadda ake zato nauyi. Hawan jininsa ya zauna daidai, da awon da likita ya tsayar, ba tare da an sauke shi har ya riƙa faɗuwa ba. A auna jinsa da ganinsa, domin kunnen da ba ya ji da idon da ke da yana suna ƙara wa ƙwaƙwalwa wahala. Ya riƙa tattaki, wajen minti 30 a rana, kwana biyar a mako, tare da wani. Ya ci gaba da shiga mutane. In akwai yaro a kusa da ke fama da lissafi, a zaunar da shi gaban Baba, za ki ga yadda fuskarsa za ta sake. Mota kuwa ta ƙare, tunda ya taɓa ɓata. Zai ji zafi, don haka a bar likita ya faɗa masa, kada ya fito daga bakinki. Ki sa kati mai sunansa da lambar wayarki a aljihun kowace riga, a rubuta har da cewa yana shan warfarin. Magungunansa su koma hannun mutum ɗaya, a cikin akwatin nan mai gidan kowace rana, domin shan warfarin sau biyu bisa mantuwa haɗari ne babba. In ya sake tambayar yaushe za ki koma aiki, ki ba shi amsa a taƙaice kamar yanzu ya fara, ki guji cewa "ai na gaya maka." Sau da yawa abin da yake nema shi ne ya ji ba za a bar shi shi kaɗai ba. In kuma wata rana ya ruɗe farat ɗaya, fiye da yadda kika saba gani, kada a ce ciwon ne ya ƙaru. Zazzaɓi, ciwon mafitsara ko zubar jini ne ake fara zargi, kuma na asibiti ne nan take.

Yayanki ya faɗa miki magana mai ciwo, bai kuma kyauta ba. Amma wanda ke nesa yakan ji nauyin rashin kasancewarsa, sai ya nemi babban abu guda da zai yi ya huce. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ke kika sani, shi kuwa labari yake ji. Kada ki yi ta ja-in-ja da shi a kan wa ya fi son Baba. Ki ba shi aiki. Shi ya ɗauki nauyin hoton da ganin ƙwararren likita, a kira shi a waya yayin da ake ganawar, ya yi tambayar da bakinsa: cutar Alzheimer ce tabbas, a wane mataki take, kuma mai shan warfarin zai iya karɓar lecanemab ko donanemab? Abin da ya ƙi ji daga ƙanwarsa zai ji daga likita. Ki kuma nuna masa abin da gidan yake wa Baba. Ƙafarsa ta san adadin takun da ke tsakanin gadonsa da banɗaki ko a cikin duhu. Mai ciwon mantuwa in aka raba shi da wurin da ya saba, ruɗewarsa takan ƙaru. Jinyar nan kuma doguwa ce, yawanci shekara huɗu zuwa takwas bayan gano cutar, wani lokaci fiye da haka nesa ba kusa ba. Za a zo lokacin da za a buƙaci mai kwana da shi, kuma a lokacin ne dukiya za ta yi rana. In yayanki na son bin sahun bincike, akwai abin bi: a Mayu 2025 Amurka ta amince da gwajin jini na farko mai taimakawa wajen gano amiloyid ga masu shekara 55 zuwa sama da ke da alamu, kuma ana gwada waɗannan allurai a kan mutanen da alamu ba su bayyana gare su ba tukuna. Ku biyun ma akwai rabonku: kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, irin su hawan jini, suga, taba, raunin ji da zaman kaɗaici, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa.

Mama tsoro take ji, kuma tsoronta na ƙauna ne. Ita ce ke ganin mijinta yana zamewa daga hannunta a hankali, ki tausaya mata. Sai dai mutumin da ya tsaya a bakin hanya bai san ina zai juya ba ya riga ya san akwai matsala. Shirun da ake yi yana barin sa shi kaɗai da ita. Ba dole a jefa masa suna ba. Likita zai iya tambayarsa me ya lura da shi a kansa, kuma nawa yake son ya sani, sai a tsaya inda ya tsaya. Ki lallashi Mama da wannan: ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ne Baba yake da hankalin da zai faɗi wanda yake so ya riƙe masa harkokin kuɗi, wanda zai yi magana da likita a madadinsa, da inda yake son a yi jinyarsa, a rubuta a gaban shaidu. Gidan ma nasa ne. Ku uku kuna ta yanke hukunci a kansa, mai shi yana zaune a tsakar gida ba a tambaye shi ba.

Ke ma ki kula da kanki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki tsayar da yini ɗaya a mako da wani zai karɓe ki, ki faɗa wa yayanki wannan ma yana cikin abin da zai ɗauka, ko da kuɗin mai taya jinya ne, ko ya zo da kansa ya yi mako guda. In barci ya ƙaurace miki, ko kika ga kina kuka ba dalili, ko kin fara yi wa Baba tsawa sannan ki yi nadama, ki ga likita don kanki.

A wannan makon, ki sami ɗan littafi ki fara rubuta abin da kika gani kowace rana: ƙarfe nawa ya ruɗe, sau nawa ya maimaita tambaya, yadda ya yi barci, awon jininsa da bugun zuciyarsa. Ki karɓi ranar ganin ƙwararren, ki aika wa yayanki kwanan watan. Sannan wata safiya, lokacin da kansa ya fi washewa, ki zauna kusa da shi ke da Mama, ki ce, "Baba, yaya kake jin kanka kwanakin nan?" Ki ba shi lokaci ya amsa, ko da ya daɗe yana neman kalmar.